Kogon Mani, 1562: yadda allura ta tono garma tsakanin sufayen Sifaniya da Mayawan Yukatan

A watan Mayun 1562 wasu samari biyu na garin Mani, a yankin Yukatan da ke cikin ƙasar Meziko ta yau, suka shiga wani kogo a bayan gari. Suka tarar da gumakan yumɓu da ƙoƙunan kawunan mutane. Suka garzaya gidan sufaye, wato malaman Katolika da suka zo wa'azi daga Sifaniya, suka shaida wa shugaban gidan, Fada Pedro de Ciudad Rodrigo. Ya sa aka kwaso kayan aka zube a farfajiyar coci, aka kuma kamo mutanen da ke zaune kusa da kogon. Da aka tambaye su ba su yi wani ɓoye-ɓoye ba. Suka amsa cewa suna da gumaka, kuma ba su kaɗai ba, maƙwabtansu ma haka. Suna yi musu turare ne don a sami damina mai albarka, masara ta yi kyau, mafarauci ya dawo gida da barewa.

Wannan amsa ta fi gumakan kansu tayar wa sufayen hankali. Mani ba wani lungu ba ne da wa'azi bai kai ba. Gari ne na gidan sarautar Xiu, waɗanda suka fi kowa saurin ba Sifaniyawa hannu. Akwai coci, akwai makaranta, an yi wa jama'a baftisma shekaru da dama da suka wuce. Mutanen da suka ce suna yi wa gumaka turare su ne dai masu cika coci ran Lahadi, kuma a fuskarsu ba alamar sun ga wani karo tsakanin abubuwan biyu. A nan ƙullin lamarin yake. Sufayen sun ɗauka an yi musaya, an ba da tsohon addini an karɓi sabo. Mayawa kuwa, wato 'yan asalin yankin, ƙari suka ɗauka an yi musu.

Yadda baftisma ta yi saurin yaɗuwa

Tun daga takardun da Fafaroma ya ba sarakunan Sifaniya a 1493 da 1508, mulkin sababbin ƙasashe da Kiristantar da mutanensu suka zama abu guda. Sarki ke zaɓen bishop, shi ke ba sufaye izinin ƙetare teku, kuma hujjar da yake kafawa ta riƙe ƙasar ita ce ceton rayukan mazaunanta. Yukatan ta ba su wuya. Francisco de Montejo ya fara yunƙurin cinta a 1527, aka yi ta kai ruwa rana, sai a 1542 ɗansa ya kafa birnin Merida a kan kufan wani tsohon birnin Mayawa. A 1546 mutanen gabas suka yi bore mai tsanani, aka murƙushe shi a shekarar da ta biyo.

Abin da ya taimaki baƙin shi ne tsohuwar gaba tsakanin gidaje biyu, Xiu na Mani da Cocom na Sotuta. Gabar ta samo asali tun faɗuwar birnin Mayapan a tsakiyar ƙarni na 15, ta kuma sabunta a 1536, lokacin da Nachi Cocom ya karɓi ayarin manyan Xiu da ke kan hanyar zuwa yin hadayar roƙon ruwa a Chichen Itza, ya yi musu liyafa, sannan ya sa aka hallaka su. Da Sifaniyawa suka dawo da ƙarfinsu, Xiu suka ga ga sandar da za su rama. Mai mulkin Mani a 1562 sunansa na baftisma Francisco de Montejo Xiu, sunan wanda ya ci ƙasar kenan aka liƙa a gaban sunan gidansu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa karɓar baftisma, a wurin masu sarauta, mubaya'a ce kafin ta zama aƙida.

Sufayen ɗarikar Faransiskan sun iso a tsakiyar shekarun 1540. Ba su da yawa, su 'yan ƙalilan ne a cikin jama'a dubu ɗaruruwa, don haka suka bi ta kan sarakuna da 'ya'yansu. Suka koyi harshen Maya, Luis de Villalpando ya fara tsara nahawunsa, suka tara 'ya'yan masu gari a makarantu suna koya musu karatu da rubutu da haruffan Latin, da addu'o'i, da waƙoƙin coci. Yaron da ya gama sai a mai da shi garinsu ya zama malamin makaranta kuma shugaban mawaƙa. A 1552 wani alƙalin sarki mai suna Tomás López Medel ya zo da dokoki da suka ƙarfafa hannun sufaye: an hana taron dare, an hana bukukuwan gargajiya, an wajabta zuwa koyon addini. Aka kuma tattaro ƙananan ƙauyuka da ke warwatse a daji aka haɗe su a manyan garuruwa kusa da coci. Inda mutane suka ƙi tashi, an cinna wa gidajensu wuta. A Izamal kuwa an rushe saman wani katafaren dandamalin ibadar Mayawa, aka gina gidan sufaye a kansa da duwatsunsa.

Sai dai ba tsoro kaɗai ya kawo mutane coci ba. Sabon addinin ya zo da abubuwan da idonsu ya saba da su. Suna da wani bikin tsarkake yara da ruwa wanda sunansa ke nufin sake haihuwa. Suna furta laifinsu idan ciwo ya yi tsanani. Sun san azumi, sun san turaren wuta. Gicciye ma bai zo musu baƙo ba, don a tunaninsu akwai wata bishiya a tsakiyar duniya mai rassa zuwa kusurwa huɗu, wadda suke kira yaxche. Ita ce rimin da muka sani. To mutumin da ya ga baƙi sun ci ƙasarsa da yaƙi, ya kuma ga abin bautarsu yana da ƙarfi, me zai hana ya sa shi cikin jerin waɗanda yake girmamawa? Amma arewacin Yukatan ƙasa ce ta farin dutse, ba kogi ko ɗaya a samanta, ruwan sha sai a ramukan ƙarƙashin ƙasa. Idan damina ta ƙi, yunwa ce. Fada ya zo da bayanin aljanna da wuta, bai zo da wanda zai maye gurbin Chaak, abin bautarsu mai saukar da ruwa, ba. Manomi bai ga dalilin sakin na hannu ya kama na guje ba.

Wata uku na igiya

Shugaban sufayen Yukatan a lokacin shi ne Diego de Landa. An haife shi a Cifuentes ta Sifaniya a 1524, ya iso Yukatan a 1549, aka zaɓe shi shugaba a 1561. Ya iya harshen Maya ƙwarai, ya taka ƙauyuka da ƙafa, ya sha yin rigima da Turawan da aka raba wa garuruwa suna karɓar harajin ƙyallen auduga da kakin zuma da masara da talotalo, saboda zaluncin da suke yi wa talakawa. Yana ganin Mayawa 'ya'yansa ne. Ina jin wannan ne ma ya sa abin ya yi muni haka, don bai ɗauki labarin kogon a matsayin jahilcin sababbin shiga ba. Cin amana ya ɗauke shi.

Tun kafin ya iso Mani an riga an fara azabtarwa. Yadda ake yi shi ne a ɗaure wa mutum wuyan hannu da igiya a ɗaga shi sama ya yi ta reto. Idan adadin gumakan da ya faɗa bai gamsar ba, a ɗaura masa duwatsu a ƙafa, a yi masa bulala, a ɗiga masa narkakken kakin kyandir a jiki. Landa ya zo a watan Yuni ya mai da abin cikakkiyar kotun bin diddigin aƙida. Hujjarsa wata takardar Fafaroma ce ta 1522 da ta ba sufaye ikon bishop a inda babu bishop a kusa. Babban jami'in sarki a lardin, Diego Quijada, ya ba shi goyon bayan hukuma da 'yan doka.

Akwai wani abu da shaidu suka faɗa daga baya wanda ya fi komai nuna yadda azaba ke ƙera abin da take nema. Mutum yana rataye zai ce gumakansa ashirin don a sauke shi, alhali uku gare shi. Da an sauke shi sai a ce ya kawo ashirin ɗin. Sai ya bazama kufai yana tonon tsofaffin gumakan da ba wanda ya kula da su shekara da shekaru, ko ya sayo a wurin maƙwabci, ko ya gina sababbi. Tulin da ke farfajiyar coci yana ƙaruwa, sufaye suna ƙara tabbata cewa ɓarnar ta wuce yadda suka zata, igiya kuma tana ƙara aiki.

Ran 12 ga Yulin 1562 aka yi babban zaman hukunci a dandalin Mani. Aka fito da masu laifi cikin jerin gwano, wasu da igiya a wuya, wasu da dogayen hulunan kunyatarwa da riguna masu ruwan ɗorawa da aka zana wa jan gicciye. Aka aske kawuna, aka yi bulala, wasu har ɗari biyu, aka ci tara, aka yanke wa wasu shekarun bauta. Masu sarauta da dama aka tuɓe su aka tafi da su Merida a ɗaure. Ba a ƙona kowa da rai ba, amma an tono ƙasusuwan matattun da aka zarga an jefa a wuta tare da gumaka. A cikin wutar nan har da littattafai. Marubutan da suka zo daga baya sun ce littattafai 27 ne da gumaka wajen 5,000. Binciken da hukuma ta gudanar bayan 'yan shekaru ya nuna cewa mutum fiye da 4,500 aka azabtar cikin wata uku, fiye da 150 suka mutu a hannun masu tambaya ko sakamakon raunin da suka ji, wasu kuma suka kashe kansu don kada a kai gare su. Da yawa sun rayu da shanyayyun hannuwa.

Daga Mani binciken ya wuce Sotuta, ƙasar Cocom, a nan ne kuma labarin ya canja kama. Waɗanda aka rataya suka fara ba da labarin yankan mutane a cikin coci da dare, har da ɗaure yara a kan gicciye kafin a cire musu zuciya, wai da sanin masu gari da malaman makaranta. Aka ambaci sunan Nachi Cocom, wanda ya karɓi baftisma ya zama Juan Cocom, ya yi abota da Landa har ya taɓa nuna masa littafin kakanninsa. Nachi Cocom ɗin ya riga ya rasu. Ɗan'uwansa Lorenzo Cocom ya rataye kansa. Masana tarihi sun rabu a kan waɗannan bayanai. France Scholes da Ralph Roys sun karɓe su a matsayin abin da ya faru. Inga Clendinnen ta yi shakkar yawancinsu, musamman batun gicciye yara. Ni dai abin da ya tsaya mini shi ne lokacin da suka fito: sai da aka fara ƙorafi a kan Landa, ana kuma dakon isowar bishop, sannan aka sami laifin da girmansa zai iya wanke duk abin da aka yi a baya. Mai yiwuwa ne an ci gaba da wasu hadayu a ɓoye, amma maganar da aka ciro daga bakin mutum yana reto da dutse a ƙafa ba ta isa shaida ba.

Bishop ya iso

A watan Agustan 1562 Francisco de Toral ya sauka a matsayin bishop na farko da ya zauna a Yukatan. Shi ma ɗan Faransiskan ne, ya daɗe yana aiki a tsakiyar Meziko, ya iya harsunan can. Abin da ya gani ya girgiza shi. Ya hana azabtarwa nan take, ya karɓe shari'ar daga hannun Landa, ya sake sauraron fursunoni. Da yawa suka janye maganarsu suka ce zafi ne ya sa su faɗa. A farkon 1563 ya sallami masu sarautar da hukunci mai sauƙi. Turawan da ke cin harajin garuruwa suka mara masa baya, ba don tausayi kaɗai ba: ma'aikatansu na gudu daji, haraji ya tsaya, suna kuma tsoron bore irin na 1546.

A tsakiyar wannan rikici akwai wani mutum da ya cancanci a tsaya a kansa, Gaspar Antonio Chi. Jinin Xiu ne ta wajen uwa, mahaifinsa na cikin ayarin da Cocom suka hallaka, sufaye ne suka rene shi a makarantarsu har ya iya Sifaniyanci da Latin. Shi ne tafinta a shari'ar Landa, ta bakinsa kalaman waɗanda ake tuhuma suka zama rubutu. Da Toral ya zo, shi ne kuma ya zama tafintansa. Irinsa ne ainihin 'ya'yan wannan zamani, ƙafa ɗaya a coci, ɗaya a gidan kakanni, kowane ɓangare na bukatarsa, ba kuma wanda ya san iyakar abin da ke ransa.

Landa ya tafi Sifaniya a 1563 don ya kare kansa a gaban majalisar da ke kula da ƙasashen mallaka. Aka miƙa maganar ga malaman addini da na shari'a, a 1569 suka wanke shi. Ana cikin haka a 1567 wasiƙu suka isa fadar Sarki Filibus na Biyu da sunan wasu masu garin Mayawa suna roƙon a dawo musu da Landa, kalmominsu kusan iri ɗaya, abin da ya sa ake zargin a gidan sufaye aka tsara su. A watan Afrilun shekarar sai manyan Xiu na yankin Mani suka aika tasu, suka ƙaryata waɗancan, suka zayyana azabar da aka gana musu. Ba ta hana komai ba. Toral ya rasu a 1571, aka naɗa Landa a gurbinsa, ya dawo Yukatan a 1573 yana bishop, ya rasu a Merida a 1579. A 1571 ɗin ne kuma aka kafa kotun bin diddigin aƙida ta dindindin a birnin Meziko, aka cire 'yan ƙasa daga hurumin ta bisa cewa sababbin shiga ne. Shari'arsu ta zauna a hannun bishop-bishop.

Littattafan da aka ƙona, da wanda aka rubuta

Littattafan Mayawa da ɓawon wani irin ɓaure ake yin takardarsu, a shafe ta da farar ƙasa, a naɗe ta ninki-ninki. A ciki akwai lissafin kwanaki, da tafiyar taurari, da lokutan husufi, da ranakun da suka dace da shuka ko hadaya. Limamansu, ah kin, su ke karanta su. Landa da kansa ya rubuta cewa sun sami littattafan da yawa, da yake ba su ga komai a ciki ba sai camfi da ƙaryar Shaiɗan sai suka ƙone su duka, kuma abin ya yi wa mutanen ciwo matuƙa. Har mamakin zafin da suka ji ya yi. Yau guda huɗu kacal suka rage a duniya: ɗaya a Dresden, ɗaya a Madrid, ɗaya a Faris, ɗaya a birnin Meziko.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, mutumin nan dai shi ya bar bayanin da ya fi kowane amfani a kan rayuwar Mayawa. Wajen 1566, yana zaman jiran hukunci a Sifaniya, ya rubuta littafin Relación de las cosas de Yucatán, wato bayanin al'amuran Yukatan. Wani taƙaitaccen kwafinsa ya kwanta a ma'ajiyar littattafai a Madrid har 1862, lokacin da wani fada Bafaranshe, Brasseur de Bourbourg, ya gano shi. A ciki akwai abin da Landa ya zaci abacadar Mayawa ce. Ya riƙa furta sunan harafin Sifaniyanci yana cewa marubucin Maya ya rubuta masa. Da ya ce "be", sai marubucin ya zana sawun ƙafa a kan hanya, don a harshensu be hanya ce. Rubutunsu na gaɓoɓi ne, ba na haruffa ɗai-ɗai ba, shi ya sa suka yi ta rashin fahimtar juna. Da aka ce ya rubuta jimlar da ya ga dama, sai ya rubuta ma in kati, wato "ba na so". A 1952 wani masani ɗan Rasha, Yuri Knorozov, ya gane inda kuskuren yake, ya mai da wannan shafi mabuɗin karanta rubutun Maya.

Abin da ya kafu daga baya

Idan manufar 1562 ita ce a tumɓuke tsohon addini, ba ta cimma ruwa ba. Shekara hamsin bayan haka wani limami haifaffen Yukatan, Pedro Sánchez de Aguilar, yana ta rubuta ƙorafi a kan masu bautar gumaka. Masu gudun coci da haraji sun riƙa tsallakawa dazuzzukan kudu, inda masarautar Itza ta zauna da 'yancinta har 1697. Abin da wutar Mani ta koya wa mutane shi ne ɓoyewa. Ibadar fili mai manyan limamai da littattafai ta mutu, ta gona da ta kogo da ta cikin gida ta rayu.

Amma kuma Katolika ta kafu, har ta yi saiwa, ta hanyar da sufayen ba su tsara ba. Fada ɗaya ne ke zagaya garuruwa da yawa, wani garin sai a yi makonni bai gan shi ba. Wanda ke nan kullum shi ne shugaban mawaƙa, ɗan gari, sau da yawa ɗan gidan sarauta. Shi ke jan addu'a, shi ke koyar da yara, shi ke raka gawa, shi ke riƙe da rajistar coci. Ƙungiyoyin hidimar waliyyai suka zama taskar gari, suna da shanunsu da amyoyin zumarsu, suna ɗaukar nauyin bikin waliyyin gari da ciyar da jama'a, kamar yadda manya ke yi wa abubuwan bauta a da. Irin waɗannan masu ilmin boko ne suka yi amfani da haruffan da aka koya musu suka rubuta littattafan Chilam Balam a harshen Maya, inda annabce-annabcen da, da lissafin shekaru, da labaran Littafi Mai Tsarki suke zaune a shafi guda. A 1850, ana tsakiyar babban boren Mayawa da ya ɓarke a 1847, gicciye ne ya zama tutarsu, gicciye mai magana da harshen Maya a Chan Santa Cruz, yana ba da umarnin yaƙi da jikokin waɗanda suka kawo shi. Sojan Meziko bai shiga garin ba sai 1901.

Gidan sufayen Mani yana nan tsaye, da faffaɗan filin da aka hura wutar a gabansa. A Izamal, inda Landa ya yi shugabanci, Fafaroma John Paul na Biyu ya gana da wakilan 'yan asalin nahiyar a 1993. A ƙauyuka kuwa za ka ga gicciye an shafa masa koren fenti an sa masa riga mai ado irin ta matan Maya. Idan ruwa ya yi jinkiri, manoma na kafa teburin hadaya a gona su yi ch'a chaak, wato bikin roƙon ruwa, a zaunar da yara maza a kusurwoyin teburin suna kukan kwaɗi, mai jan addu'a yana kiran Chaak na gabas da yamma da kudu da arewa tare da sunayen waliyyai. Masu binciken da suka zauna a ƙauyen Chan Kom a farkon shekarun 1930 sun tarar mutanen na cewa shugaban masu saukar da ruwan nan duka shi ne San Miguel, wato Mala'ika Mika'ilu. Cocin Mani ma sunansa aka sa mata.